Yara da wasan bidiyo: yadda iyaye za su sa iyaka

Ya ku iyaye, a da idan yara sun taso daga makaranta, maza su yi langa, mata su yi carafke ko gaɗa a dandali. Yau wani wasa ya shigo gari. Ana yin shi a wayar salula, ko a shagon unguwa inda ake haɗa PlayStation da talabijin, yaro ya biya kuɗi ya buga ƙwallo da yatsu. Wasan ba laifi ba ne a kansa. Illarsa tana zuwa ne idan babu iyaka.

Me ya sa yaro ba ya son bari?

An tsara waɗannan wasanni mataki-mataki. Idan yaro ya ci, sai a ba shi maki, a buɗe masa mataki na gaba. Idan ya faɗi, sai ya ga saura kaɗan ya ci, ya sake. Shi ya sa kuke jin "bari in ƙare wannan". Ba kullum ba ne taurin kai. Da wuya yaro ya tsayar da kansa, sai babba ya tsayar da shi.

Me masana kiwon lafiya suka ce?

A shekarar 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da shawara kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin. Daga shekara 2 zuwa 4, kada kallon ya wuce awa 1 a yini. A 2020 kuma ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na minti 60 a kalla kowace rana.

Hukumar ta kuma sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka a 2019. Alamunta uku ne: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan bisa sauran lamuransa, ya ci gaba ko da yana ganin ɓarna. Sai abin ya kai kamar wata 12 ake kiran shi cuta, kuma kaɗan ne daga cikin masu wasan suke kai wa ga haka.

Mu yi lissafi

A ce ɗanku yana biyan dala 20 kullum a shagon wasa. A kwana 30 ya kashe dala 600, wato jikka 3. Ku tambayi kanku: daga ina kuɗin suke fitowa? Na karin kumallo ne, ko canjin aike?

Yadda za ku sa iyaka

Ba sai kun iya latsa waya ba. Lokutan salla sun isa su zame muku agogo.

1. Ku zauna da yaron cikin natsuwa, ku yanke ranaku da lokacin wasa. Misali: bayan La'asar, a tsaya da kiran Magariba.
2. Karatu da aikin gida su zo farko, wasa ya biyo baya.
3. Ku gargaɗe shi minti 5 kafin lokaci ya cika, don ya ƙare abin da ya fara.
4. Bayan Isha'i, waya ta kwana a hannun babba. Yaron da bai yi barci ba, gyangyaɗi zai yi a aji.
5. Ku je shagon da kanku. Ku ga irin wasan, ku san mai shagon, ku duba ko ana caca a wurin.
6. Uwa da uba su yi baki ɗaya. Idan ɗaya ya hana, ɗaya ya bari, dokar ta rushe.
7. Idan ya karya doka, a hana shi wasan gobe. Duka ba ya maganin abin, sai dai ya koya wa yaro ɓoyo.

Idan kun ga yana gudun makaranta, ko yana ɗaukar kuɗi a ɓoye, ko ya daina ci da barci yadda ya saba, ku tuntuɓi malaminsa da ma'aikacin kiwon lafiya.

Ku tuna kuma yaro yana kallon ku. Uban da ya raba dare yana ludo a waya, da wuya ɗansa ya ji maganarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.