Yadda Saiwar Tsiro Ke Jan Ƙarfe Daga Ƙasa

Tsiro ba ya iya haɗa sinadarin da ke sa ganyensa kore sai da ƙarfe, kuma ko da yake ƙarfe na cikin ma'adinan da suka fi yawa a doron ƙasa, galibinsa yana kwance ne a matsayin tsatsa wadda ba ta narkewa a ruwa, musamman a ƙasa mai alli ko kanwa. Ita kuwa saiwa ba ta ɗaukar ma'adini sai ya narke, galibi ya zama ayon, wato ƙwayar zarra mai ɗauke da cajin lantarki, shi ya sa ake ganin sabbin ganyaye sun yi ruwan ɗorawa alhali jijiyoyinsu na nan kore, a gonar da ƙarfe bai yi ƙaranci ba.

A shekarar 1986 masana biyu na Jamus, Römheld da Marschner, suka bayyana cewa tsirrai sun kasu gida biyu wajen shawo kan wannan matsala. Masu faɗin ganye, irin su wake da gyaɗa da tumatir, suna tsattsafo tsami daga saiwarsu domin tsatsar ta narke, sannan wani furotin da ke fatar saiwar ya sauya cajin ƙarfen daga uku zuwa biyu, domin a wannan siffa ce ƙofar saiwar take karɓarsa. Rauninsu shi ne idan alli ya yi yawa sai ya kashe tsamin tun bai yi aiki ba. Dangin ciyawa kuwa, wato gero da dawa da masara da alkama da sha'ir, suna fitar da wani sinadari da ke damƙe ƙarfen kamar awartaki, sai saiwar ta haɗiye su tare, kuma yawan alli bai cika hana shi aiki ba. Takagi, wani masani ɗan ƙasar Japan, shi ya ba da rahoton wannan sinadari a 1976, daga baya aka gano cewa sha'ir ya fi fitar da shi da yawa, dawa da shinkafa kuwa kaɗan suke fitarwa. A arewacin ƙasar Sin an tabbatar cewa gyaɗar da aka shuka tsakanin masara tana morar ƙarfen da saiwar masarar ta narkar, abin da ya cancanci masu bincike su bi diddiginsa a gonakin ƙasar Hausa, inda aka daɗe ana haɗa gyaɗa da hatsi.

Shinkafar fadama tata matsalar daban ce, domin idan ruwa ya kwanta iska ta ƙare a laka, ƙarfe kan narke fiye da kima har ya ƙona ganye, don haka saiwarta take furzar da iskar oksijin, tsatsa ta taru a jikinta ta yi mata jan ɓawo.

Babban abin damuwa shi ne ƙofofin saiwa ba su cika tantancewa ba. Wadda ke shigar da ƙarfe da tutiya da manganis ita ce ke barin kadmiyom ya wuce, wani ƙarfe mai guba da ke lalata ƙoda da ƙashi, kuma tsiron da ke fama da ƙarancin ƙarfe ya fi buɗe wannan ƙofa. A lardin Toyama na Japan, shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu mai ɗauke da dagwalon mahaƙar ma'adinai ta jawo cutar itai-itai, wadda gwamnati ta amince a 1968 cewa kadmiyom ne silarta. Dalma, wadda ita ma guba ce, takan maƙale a saiwa, amma kadmiyom yana hawa har ganye, don haka latas da alayyahu sun fi ƙwayar hatsi tara shi. Wannan ya shafi lambunan da ake yi wa ban-ruwa da ruwan masana'antu da na kwata, irin waɗanda ke bakin kogunan Jakara da Challawa a Kano, kuma wanke ganye, duk da amfaninsa wajen cire ƙura, ba ya fitar da abin da saiwa ta riga ta shigar.