Rediyon da Ya Sada Uwa da Ɗanta

Mu dai abin da muka saba shi ne mu kunna akwatin rediyo mu saurara. Amma akwai waɗansu da ke ajiye na'ura a gida suna taɗi da mutanen ƙasashe masu nisa, don sha'awa kawai. Ɗaya daga cikinsu shi ne Barry Goldwater na Amurka, wanda ya nemi shugabancin ƙasarsu a 1964 bai samu ba. Lambar kiransa K7UGA.

Kakansa Bayahude ne daga Polan, ya shiga Arizona yana ɗan koli, har zuriyarsa suka kafa babban kanti a Finiks. A nan aka haifi Barry a 1909, tun Arizona ba ta zama jiha ba. Mutumin nan akwai son garinsu! Yakan tuƙa jirgin sama, yakan ɗauki hotunan duwatsu da hamadar ƙasarsu. 'Yan tsanar itace na kabilar Hopi fiye da 400 da ya tara, gidan tarihin garinsu ya bai wa.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne na lokacin yaƙin Biyetnam. Soja zai yi magana daga can, tashar gidan Goldwater ta kama muryar, masu taimako su haɗa ta da wayar tarho har ɗakin iyayensa. Dubban sojoji sun gai da gida ta haka. Sai dai baki biyu ba sa magana tare: dole uwa ta haɗiye kukanta, ta jira ɗanta ya gama, sa'an nan ta amsa.