BAYAN TIYATAR CIWON DAJIN FUROSTET: ABIN DA IYALI YA KAMATA SU SANI

Wata za ta ce me ya haɗa ungozoma da ciwon maza? To, a wurin awo mata da yawa sukan ja ni gefe su ce, "Sista, an yi wa Baba aiki, yanzu ba ya iya riƙe fitsari, ko aikin ne bai yi ba?" In an sallamo maigida ko suruki daga asibiti, jinya hannunki take dawowa. Shi ya sa na ga ya dace mu tattauna.

Mene ne furostet?

Wani ɗan ƙulli ne kamar girman goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, yana kewaye da bututun fitsari, kuma shi ke samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Ciwon dajinsa shi ne kan gaba a cikin ciwon dajin da ke kama maza a Nijeriya. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna sababbin kamuwa sun haura 18,000 a ƙasar nan a shekarar 2022.

Likita yakan ce ciwon mai haɗari ne sosai idan gwajin jini na PSA ya wuce 20, ko makin Gleason na tsokar da aka ɗiba ya kai 8 zuwa 10, ko kuma ciwon ya fara ketowa waje da furostet ɗin. Irin wannan yana saurin yaɗuwa, don haka ba a sa masa ido kawai. A tiyata ana cire furostet ɗin gaba ɗaya, galibi har da kaluluwar da ke kusa da shi.

Ana warkewa?

Rahotannin manyan asibitocin Amurka da Turai sun nuna cewa kimanin 9 cikin 10 na masu irin wannan ciwo da aka yi wa tiyata, ciwon bai yi ajalinsu ba a cikin shekara 10. Wannan abin farin ciki ne. Amma kusan rabinsu PSA ɗinsu yakan sake tashi, sai an ƙara musu da gashi ko allurar rage sinadarin namiji. Saboda haka tiyata mataki na farko ce, ba a rufe katin asibiti daga ita.

Bayan mako 6 zuwa 8 da aiki za a auna PSA. Ana so ya sauka har na'ura ta kasa ganinsa. In daga baya ya hau zuwa 0.2 ko fiye, alama ce cewa akwai sauran ciwon, tun mai shi bai ji komai a jikinsa ba. A lokacin ne gashi ya fi amfani. Hatsarin shi ne Baba ya ga ya murmure, yana zuwa kasuwa, ya ce gwaji ɓarnar kuɗi ne. 'Yar'uwa, ki rubuta ranakun gwaji a inda kike rubuta ranar awonki, ki riƙa tuna masa cikin ladabi.

Yoyon fitsari

Zai dawo gida da robar fitsari, ana cire ta bayan mako 1 zuwa 3. Da an cire, yawancin maza fitsari yakan zubo musu in sun yi tari ko sun miƙe tsaye. Ba lalacewar aiki ba ce. Mafi yawansu suna samun sauƙi tsakanin wata 3 zuwa shekara 1. Maganin kuwa kin san shi: atisayen matse tsokar ƙasan mara da muke koya muku bayan haihuwa. Ya matse kamar mai riƙe fitsari, ya ƙirga zuwa 5, ya saki, sau 10, safe da rana da dare. Dattijo yana jin nauyin wannan magana, don haka a samu ɗansa namiji ya yi masa bayani, kuma a tanadar masa ƙunzugu ba tare da yara sun sani ba.

Zaman aure da haihuwa

Jijiyoyin da ke sa gaban namiji ya motsa suna manne da furostet. Tun 1982 Dokta Patrick Walsh na Amurka ya fito da dabarar tsallake su, amma in ciwon mai haɗari ne, sau da yawa dole a haɗa da su don kada a bar ciwo a baya. Ƙarfi yana iya raguwa ko ya tafi, in kuma zai dawo yakan ɗauki har shekara 2. Maniyyi ba zai ƙara fitowa ba, don haka ba a samun ciki ta hanyar saduwa. In mijinki ne kuma kuna son ƙarin haihuwa, ku tayar da maganar wurin likita kafin a shiga tiyata. Akwai magunguna a asibiti. A guji na 'yan talla a tasha.

Ke kuma mai ciki

Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwano ko wanki, kuma wanda ake yi wa gashi da na'ura ba ya cutar da cikinki. Amma kada ki ɗaga majinyaci. In an ba shi ƙwayar abiraterone, kada ki taɓa ta sai da safar hannu. Shi ma kada ya ɗauki kaya mai nauyi ko ya hau babur har mako 6.

A garzayo asibiti idan an ga:
1. Zazzaɓi ko ruwa mai wari daga wurin ɗinki.
2. Fitsari ya daina sauka, ko gudajin jini a roba.
3. Kumburi da ciwo a ƙafa ɗaya, ko numfashi sama-sama.
4. Ciwon baya ko na ƙugu da ya ƙi tafiya, ko ƙafafu sun mutu.

Daga ƙarshe, wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya kai ninki biyu. In surukinki ne ke jinya, ki lallaɓa maigida ya ga likita a kan gwajin PSA da zarar ya kai shekara 40 zuwa 45.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ku kuma ya sauke ku lafiya, amin.