Ɓoyayyen Ɗaki A Cikin Kwamfuta

Kowace kwamfuta tana da wani shiri mai tayar da ita idan an kunna ta. Galibi ana kiransa BIOS. Ta wurinsa ake gyara agogonta, a zaɓi faifan da za ta fara karantawa.

A shekarun 1990, kamfanin Compaq na Amurka ya keɓe ɗan ɗaki a faifan ajiya, ya ɓoye shirin gyaran a ciki. Da an danna F10 sai ya buɗe. Wanda ya goge faifan duka, ya rasa wannan hanyar gyara.

Yau shirin yana manne a jikin allon na'urar. Amma har yanzu akwai ɓoyayyen ɗaki mai tayar da Windows. Idan aka goge shi, kwamfuta ba za ta tashi ba. Don haka, mai gyara ya duba kafin ya goge.