Rage ƙiba da dambarwar sutura: abin da tela zai iya gyarawa a Yola da Jimeta

Wanda likita ya umarta da ya rage ƙiba yakan fito daga asibiti da lissafin abinci a ransa: tuwo kaza, sukari kaza, tafiyar ƙafa ta minti kaza. Da wuya lissafin tufafi ya faɗo masa. Sai bayan wata uku ko huɗu, ranar wata Juma'a ko ranar ɗaurin aure, zai zura kaftanin da ya fi ji da shi, ya tarar kafaɗa ta zubo, wuya ya yi rami, wando kuma sai an ninka shi kafin ya tsaya. Jikin da ya sha wahala a kansa ya samu sauƙi, amma madubi na nuna masa mutumin da ya ari kayan yayansa.

A Yola da Jimeta wannan ba ƙaramar magana ba ce. Garuruwa ne biyu da suka haɗe, ɗaya mazaunin Lamiɗon Adamawa tun da Modibbo Adama ya kafa shi a 1841, ɗayan kuma cibiyar kasuwanci da ofisoshin gwamnati a bakin kogin Binuwai. A dukansu ana karanta mutum daga shigarsa kafin ya buɗe baki. Kuma duk da cewa Fulani sun daɗe da ganin kyan siririn jiki, rama ta farat ɗaya a jikin magidanci ko matar aure ba ta cika samun kyakkyawar fassara ba. Tambayar farko ita ce, "Lafiya kuwa?" Daga nan sai zato ya biyo baya: ko ciwo ne, ko kasuwa ce ta karye, ko zaman gidan ne ba daɗi. A al'ummar da har yanzu wasu mata ke shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" domin su yi jiki, mai rage ƙiba da gangan yana tafiya ne yana fuskantar iska. Tufafin da suka yi masa yawa kuwa su ne ke tabbatar wa masu zato zatonsu, domin suna sa mai lafiya ya yi kama da wanda ya tashi daga jinya.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya na fama da ƙibar da ta wuce kima. Likitoci kan ba da shawarar a riƙa sauke rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa ya taimaka wa mai hawan jini ko mai ciwon sukari. Ma'anar wannan ga sutura ita ce, mai kilo 100 da ke son komawa 85 zai shafe watanni yana sauya siffa. Duk kayan da ya ɗinka daidai jikinsa a tsakiyar tafiyar, na ɗan lokaci ne.

Ga kuma tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya tashi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Shaddar Getzner daga Ostiriya ake kawo ta, atamfar Vlisco kuma daga Holan. Babbar riga da 'yar ciki da wando kan ci kusan yadi 10, turmin atamfa yadi 6 ne. Babu ma'aikacin sakatariya ko ɗan kasuwar da zai sake cika akwati duk bayan wata biyu, balle matar da mafi tsadar kayanta na lefe ne, waɗanda ba a maimaitawa.

Sa'ar da mutanen wannan yanki suka yi ita ce suturar gargajiya tana da haƙuri. Zani ba ya da lamba. Ƙara masa ninki kawai ake yi. Wando mai mazagi yana bin ƙugu duk inda ya je. Babbar riga dama an yi ta ne domin yalwa, haka abaya da buba. Hula ma kusan ba ta san an rame ba. Wanda ke cikin tsaka mai wuya shi ne mai sanya kwat ta banki, da mai kayan sarki, da matar da yawancin ɗinkunanta riga da siket ne masu kama jiki.

Amma haƙurin yana da iyaka, kuma iyakar tana kafaɗa. Duk telan da ya san aikinsa, a layukan ɗinki na kasuwar zamani ta Jimeta ko a shagunan unguwanni irin su Karewa da Jambutu da Luggere, ya san rage gefen riga aiki ne mai sauƙi: a farke, a shigar da inci ɗaya ko biyu ta kowane ɓangare, a mayar. Hannu ma haka. Ƙugun wandon Turawa ana rage shi ta ɗinkin baya, sai dai idan ragin ya wuce kamar inci biyu, aljihunan baya sukan matso su kusa haɗuwa, siffar wandon ta lalace. Kafaɗa kuwa sai an cire hannun riga ɗungurungum an sake yanka, abin da kuɗinsa kan kusa kai na sabon ɗinki. Wuyan da aka yi wa aiki ya fi kowanne taurin kai, domin zaren da aka zuba ba ya komawa baya. Saboda haka kaftanin da kafaɗarsa ta zauna daidai ya cancanci a kai shi gyara, wanda kuma kafaɗar ta sauko har tsakiyar dantse gara a ba wa ɗan'uwan da zai yi wa daidai.

Yadi ma kowanne da halinsa. Shadda mai sheƙi tana riƙe sawun allura, don haka rage ta ba ya da illa tunda tsofaffin ramukan ciki suke shigewa, amma buɗe ta daga baya yakan bar layin da ido ke gani. Leshi mai duwatsu yana da wuyar farkewa, kuma ba kowane tela ya kamata a damƙa wa shi ba. Atamfa ce mai sauƙin kai. Ita ce kuma ta fi dacewa da garin da zafinsa kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, inda yadin roba ke manne wa jiki ya fallasa duk abin da ake son rufewa.

Akwai wata magana da ya kamata a faɗa wa tela tun kafin ya ɗauki almakashi: kada ya yanke rarar. Ya ninke ta ciki ya bar ta. Dalili kuwa sananne ne ga masu nazarin ƙiba, wato da yawa daga cikin waɗanda suka rage nauyi sukan mayar da wani ɓangare nasa a shekarun da ke biye. Wannan ya fi fitowa fili a watan azumi. Ɗan abin da jiki ya sauke a Ramadan yakan dawo cikin 'yan makonni bayan Sallah, alhali a daidai wannan lokaci ne ake gwada mutane domin ɗinkin Sallah. Wanda aka auna a goman ƙarshe aka ɗinka masa cif-cif, yana iya tarar da rigar ta matse shi kafin Babbar Sallah. Lokacin ma bai dace da kai gyara ba, domin telan da ke kwana a kan keke saboda sababbin ɗinkuna ba zai kalli tsohuwar riga da idon rahama ba. Makonnin da ke bayan Sallah, lokacin da shaguna suka yi sauƙi, sun fi.

Dabarar da ta fi araha ita ce a zaɓi kaya kala uku ko huɗu da aka fi sanyawa, a riƙa bin su da gyara, sauran a ajiye har nauyi ya tsaya wuri ɗaya na wasu watanni. Idan dole sai an yi sabo, a yi shi da yadi mai sauƙin kuɗi, da aiki kaɗan a wuya, ankon biki kuma a ɗinka shi buba da zani maimakon mai kama jiki. Ga masu shigar Turawa, 'yan gwanjo sun wadatar da riguna da wandunan da za a sa na wata uku a wuce da su ba tare da baƙin ciki ba. Mata kuma sukan manta da rigar mama, alhali ita ce ke fara yin yawa, kuma idan ta saki, duk tsadar rigar da ke samanta ba za ta zauna ba.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne littafin awon tela, wanda a wasu lokuta ya fi sikeli faɗin gaskiya. Kitsen da ya taru a ciki shi ne mafi haɗari ga zuciya da sukarin jini, kuma awon ƙugu ne ke nuna shi. Ƙungiyar yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta sanya iyakar santimita 94 ga maza da 80 ga mata, wato kusan inci 37 da inci 31 da rabi a tef ɗin tela. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sauƙaƙa lissafin a 2022: kada kewayen ƙugu ya kai rabin tsayin mutum. Sai dai tela kan auna inda wando ke zama, likita kuma tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, daidai wajen cibiya, kuma ga mai tumbi tazarar wuraren biyu tana da yawa.

Duk wannan ya shafi wanda ya rage ƙiba da niyya ne. Idan kaya suka fara yi wa mutum yawa alhali bai sauya cinsa ba, bai kuma ƙara motsa jiki ba, musamman in da yawan ƙishirwa da fitsari, ko tarin da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, to hanyarsa ta Asibitin Ƙwararru ce da ke Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, domin ciwon sukari da tarin fuka duk suna fara sallama da rama. Haka nan mai gaggawar shiga wata riga kafin ranar biki, wanda ake tallata wa shayin rage tumbi a Facebook da WhatsApp, ko allurai irin su Ozempic ba tare da takardar likita ba, ya sani cewa a watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun wannan allura da aka gano a Birazil da Birtaniya da Amurka.