Ido, Haske da Kyamara: Yadda Ake Ɗaukar Hoton Mutum a Cikin Ɗaki

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe na sakandare a Batsari ko Safana ya san ba a yin rajistar jarrabawar WAEC ko NECO sai da hoton fuska. Sau da yawa a cikin ofishin makaranta ko shagon kwamfuta ake ɗaukar hoton, sai fuskar ta fito baƙi ƙirin, ba a shaida komai sai farin ido da farar riga. Wannan hoton kuwa shi zai bi ɗalibi a jikin takardar shaidarsa tsawon rayuwa. Bugu da ƙari, iyalai da dama da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu na gefen dajin Rugu, musamman daga shekarar 2019, ba abin da ya rage musu na wasu dattawansu sai hoto guda a cikin waya. Saboda haka iya ɗaukar hoto mai kyau ya wuce wasan yara. Abin farin ciki shi ne, wanda ya fahimci darasin ido a ajin ilmin halittu, to ya rigaya ya san rabin sana'ar.

Ido da kyamara: uwa ɗaya, uba ɗaya

Masanin nan Alhasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, ya tabbatar a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido. Ya kuma nazarci yadda haske ke ratsa 'yar ɓula ya faɗa cikin ɗaki mai duhu. Mai karatu zai iya gwadawa: a rufe ɗakin soro ruf da tsakar rana, a bar 'yar huda a jikin ƙyaure, za a ga surar abin da ke waje a bango, kai ƙasa ƙafa sama. Wannan ita ce kakar kyamara.

Ido ma haka yake. Baƙar ƙofar nan da ke tsakiyarsa tana tsukewa zuwa kamar milimita 2 a cikin rana, ta buɗe zuwa kusan milimita 8 a cikin duhu. Bayanta akwai wani curi garai-garai mai tattara haske ya jefa shi a kan tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido. A kan wannan tantani akwai ƙwayoyin halitta iri biyu: masu siffar sanda, fiye da miliyan 90, waɗanda ke aiki a duhu-duhu, da masu siffar tsini, 'yan miliyoyi kaɗan, waɗanda ke bambance launi. Kyamara tana da ƙofa, da gilashi, da faifan da ke karɓar haske. Abin da ba ta da shi ita ce ƙwaƙwalwa irin tamu. Idan mutum ya shiga zaure daga rana, cikin ɗan lokaci idonsa ya washe, ƙwaƙwalwarsa ta cike giɓin da ya rage. Kyamara kuwa abin da ta samu shi take rubutawa. Ɗakin da muke gani da haske, a wurinta duhu ne.

Me ya sa fuskarmu ke fitowa da duhu?

Fatar ɗan Afirka tana da yalwar sinadarin melanin, wanda ke shanye haske mai yawa, ya kuma kāre ƙwayoyin fata daga illar rana. Wannan baiwa ce. To amma ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a bisa zaton cewa abin da ke gabansa, in an haɗa shi gaba ɗaya, toka-toka ne. Idan dattijo ya sa farar babbar riga da rawani ya zauna jikin farin bango, sai kyamara ta ga fari ya yi yawa, ta rage haske, fuskar ta nutse. Matsalar tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa bai wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya don su daidaita launi da shi, sai a tsakiyar shekarun 1990 ya fitar da kati mai mata masu launin fata iri-iri.

Maganin a yau mai sauƙi ne. A wayar hannu, a taɓa fuskar mutum a jikin allo don ma'aunin ya bi ta, sa'an nan a ɗan ja alamar ranar da za ta bayyana zuwa sama, har sai an ga kumatu da goshi sosai.

Shirya ɗaki

Ba sai da fitilu masu tsada ba. Saidu Keita, wanda ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, da hasken rana da zannuwan shimfiɗa ya ɗauki mafi yawan hotunan da a yau ake baje kolinsu a Faransa da Amurka.

Da farko, a nemi ƙofa ko taga wadda rana ba ta shigowa ta cikinta kai tsaye. Ƙofar zaure da hantsi ko bayan la'asar ta wadatar. A zaunar da mutum kusa da ita, hasken na zuwa masa ta gaba da ɗan karkata gefe. Kada taga ta kasance a bayansa, don in haka ta faru inuwarsa kurum za a samu. Idan rana ta matsa, a rataya farin mayafi a tagar, sai hasken ya bazu ya yi laushi, kamar yadda hazo ke yi wa rana da hunturu.

Na biyu, a kula da tazara. Dokar haske ta ce idan aka ninka nisan abu daga fitila, hasken da ke isa gare shi yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wato wanda ya matsa daga mita 1 zuwa mita 2 ya yi asarar kashi uku. Taku ɗaya zuwa wajen taga ya fi dogon gyara a kwamfuta.

Na uku, a sa wani ya riƙe farin kwali ko farin zane a ɓangaren da ke da inuwa, don ya mayar da haske kan kuncin da ya yi duhu.

Na huɗu, kada a gama haske iri biyu. Hasken fitilar ƙwai ja-ja ne, na rana kuwa ya fi karkata ga shuɗi. Ƙwaƙwalwa tana sulhunta su, kyamara ba ta iyawa, sai rabin fuska ya fito da launi daban. In ana aiki da taga, a kashe ƙwan lantarki.

Na biyar, a goge gilashin kyamara, a tsaya kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu daga mutum, kyamara daidai da idonsa. In aka matsa ƙwarai, hanci zai yi girma, kunnuwa su ƙanƙance. Kuma da yake a cikin ɗaki kyamara takan daɗe da buɗe ƙofarta don ta tara haske, motsi kaɗan zai sa hoton ya yi dishi-dishi. A jingina waya a kan tarin littattafai, ko a dafe gwiwar hannu a jikin ƙirji.

Game da filashi kuwa, a guje shi in da hali. Yakan baje fuska, ya sa maiƙon goshi ƙyalli. Wani lokaci ido kan fito ja wur, domin hasken ya shiga ta ƙofar ido tana buɗe, ya doki jijiyoyin jini na bayan ido ya dawo. Idon kyanwa da ke ƙyalli da dare wani abu ne daban: ita tana da wani tantani mai aiki kamar madubi, wanda ɗan Adam ba shi da shi.

Gyaran hoto

A da, a ɗaki mai duhu ake gyara hoto da sinadarai. Injiniya Steven Sasson na Kodak ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, manhajar Photoshop kuma ta fito kasuwa a 1990. Yanzu akwai na kyauta, irin su Snapseed a waya da GIMP a kwamfuta. Ko da wacce za a yi aiki, a bi wannan tsari: a ajiye asalin hoton a yi aiki da kwafinsa; a miƙar da shi in ya karkace, a yanke abin da ba a bukata; a daidaita haske, a ɗan buɗe wuraren inuwa; daga ƙarshe a daidaita launi, har farar riga ta koma fara. A kuma sani cewa WhatsApp yana matse hoto ya rage ingancinsa, saboda haka wanda za a buga a takarda gara a aika shi a matsayin fayil.

A nan akwai gargaɗi. Haskaka hoto daban, sauya launin fata daban. Manhajoji da yawa suna da maɓallin da ke mayar da mutum fari, ya share zane da tabo, ya rage faɗin hanci. Hoton jarrabawa ko na katin shaida an yi shi ne don a gane mai shi, kuma wanda bai yi kama da hotonsa ba yana iya shan wahala a ƙofar ɗakin jarrabawa. Haka nan jikan da zai duba hoton kakarsa nan da shekara hamsin, ita yake son gani, da zanenta da tamojinta. Mizani shi ne a duba hoton a dubi mai shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Kuma kada a ɗauki hoton kowa, balle a watsa shi a intanet, ba da yardarsa ba.

Kammalawa

Ga aiki ga malaman kimiyya da ɗalibansu. A samo gwangwanin madara, a huda gindinsa da siririyar ƙusa, a ɗaure takarda mai shara-shara a bakinsa, a fuskantar da hudar ga kyandir a ɗaki mai duhu, a ga harshen wutar a kife. Bayan haka a zaunar da ɗalibi guda, a ɗauke shi hoto uku: taga a bayansa, taga a gefensa, sa'an nan taga a gefensa da farin kwali a ɗaya gefen. A jera hotunan uku, kowane ɗalibi ya rubuta dalilin bambancinsu ta amfani da abin da ya koya game da ido. Ajin da ya yi wannan, shi ya kamata a ba wa aikin ɗaukar hotunan rajistar makarantar a shekara mai zuwa.