Daga Agege Zuwa Oyingbo: Yadda Gwajin Linux Ke Shafar Cinikin Ɗan Kasuwa Da Aikin Gwamnati

Jirgin ƙasan Jan Layi na Legas, wanda Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar a ranar 29 ga Fabrairu, 2024, yana ɗaukar fasinja daga Agege, ya ratsa Ikeja, ya sauke su a Oyingbo. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, cinikin Hausawan wannan yanki, daga mahautan Oko-Oba zuwa masu kayan miya na kasuwar Oyingbo, ya ƙara rataya a kan wayar Android da na'urar POS.

A cikin kowace wayar Android, da POS ɗin da ke aiki da ita, akwai kanel ɗin Linux. Shi ne zuciyar babbar manhaja, mai raba aiki tsakanin ƙwaƙwalwar na'ura, batir, allo da hanyar sadarwa. Idan ya yi tuntuɓe, komai ya tsaya. Shi ne kuma ke tafiyar da akasarin manyan kwamfutocin da ke riƙe da intanet.

Yadda ake tace gyara

Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ya bar shi a buɗe domin kowa ya duba, ya gyara. A yau layukansa sun haura miliyan 30, kuma kowane sabon zubi na ɗauke da sauye-sauye fiye da 10,000 daga masana kusan 2,000.

Abin da ke hana wannan taron hannu ɓata miya shi ne tsari. Ana buɗe ƙofar karɓar sababbin abubuwa na mako biyu kacal. Daga nan sai Torvalds ya riƙa fitar da zubin gwaji duk mako, yawanci ranar Lahadi, daga rc1 zuwa rc7, wani lokaci har rc8, ana toshe kurakurai kawai. Bayan mako tara zuwa goma sai a saki cikakken zubi.

Kafin gyara ya kai wannan mataki, yana bi ta linux-next, zauren da aka kafa a 2008 domin a ga ko ayyukan masana daban-daban za su zauna lafiya da juna. Na'urar syzbot ta Google na yi wa kanel ruwan umarni na ganganci dare da rana domin gano inda zai karye. Shirin KernelCI, wanda ya koma ƙarƙashin Gidauniyar Linux a 2019, yana gwada sabon zubi a kan na'urori na zahiri a ɗakunan gwaji na ƙasashe daban-daban. Sama da duk wannan akwai dokar Torvalds: gyaran da ya lalata abin da ke yi wa jama'a aiki jiya, janye shi ake yi, komai kyansa.

Duniya ta ga illar tsallake irin wannan matakala a ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da kamfanin CrowdStrike ya tura wani sabunti ga kwastomominsa gaba ɗaya. Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutocin Windows miliyan 8.5 ne suka durƙushe, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai gyaran da aka tace ba ya isa Agege kai tsaye. Daga masu kula da Linux yana zuwa Google, daga nan ga masu ƙera ƙwaƙwalwar waya irin su MediaTek da Unisoc, sannan ga kamfanin wayar. Ko'ina aka yi sanyin jiki, gyaran ya maƙale. Shi ya sa Google ya wajabta kanel na bai-ɗaya tun daga Android 12, domin rage wannan doguwar hanya.

Ga kuma batun wa'adi. A 2023 aka bayyana cewa za a rage kulawar zubi mai dogon zango daga shekara shida zuwa biyu, saboda nauyi ya yi wa masu aikin yawa. Zubi na 4.19, da aka saki a Oktoba 2018, wa'adinsa ya cika a Disamba 2024. Wayar hannu-biyu da aka saya a Computer Village na iya aiki lafiya lau, alhali an daina toshe mata ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Mai ita ba zai sani ba, ko da jarinsa duka a cikinta yake.

Darasi ga Abuja

Wannan haɗari bai tsaya a kasuwa ba. Albashin ma'aikatan tarayya na bi ta IPPIS, kuɗaɗen ma'aikatu ta GIFMIS da asusun bai-ɗaya, bayanan hukumomi da dama kuma na hannun Galaxy Backbone. Duk jami'in da ke rubuta takardar sayen kwamfutoci ko na'urorin rajista a ƙarƙashin Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ya kamata ya nemi amsa uku a rubuce: wane zubin babbar manhaja ke ciki, yaushe wa'adin kula da shi zai ƙare, wa zai ɗauki nauyin sabunta shi? Idan sabunti ya zo, a fara da 'yan na'urori kaɗan, a tanadi hanyar komawa baya, sannan a game sauran.

Akwai kuma gurbin da Najeriya za ta iya cikewa. KernelCI na karɓar sakamako daga ɗakunan gwajin da suka haɗa kai da shi. Hukumar NITDA, jami'o'i da matasan shirin 3MTT na iya kafa ɗaya, su jera irin na'urorin da ake amfani da su a nan. Na'urar da ba a gwada ba, mai ita ne ke zama ɗakin gwajinta, kuma a Oyingbo kuɗin wannan gwaji daga aljihun mai tumatir yake fita.